Wane alkawari kuka riƙe sa'ad da amsa ta yi jinkiri?

Matar mai jinya, Sabon Tasha, Kaduna:
Salama gare ku 'yan'uwa. Wata takwas ke nan maigidana yana kwance, sau biyu a mako muke kai shi wankin ƙoda. Keken ɗinkina na sayar, ɗan filin da muka saya a bayan gari ma ya tafi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya buɗe mini Romawa 8:28, cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Na san ayar tun ina makarantar Lahadi, amma yanzu in na ji ta sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba wa'azi nake nema ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini alkawarin da ya riƙe, da abin da ya same shi daga baya, ko da ba daɗin ji.

Ɗan EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), daga Mubi:
Sannu 'yar'uwa, Ubangiji ya ba maigida sauƙi. Ranar Laraba, 29 ga Oktoba 2014, muna shirin karin kumallo muka ji harbi. A ranar ce Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, a ranar ce kuma aka kama hedkwatar ikkilisiyarmu da ke Kwarhi. Na goya mahaifiyata, matata ta goya autanmu, muka nufi duwatsun bakin iyakar Kamaru da ƙafa. Takalmin roba ne a ƙafata, kafin dare ya tsinke. Littafi Mai Tsarki na bar shi a kan tebur tare da shayin da ban sha ba.

Dare na biyu Mama ta ce in sauke ta a gindin wata tsamiya. Ba ta yi boko ba, amma ayoyi suna kanta tun daga Zumuntar Mata. Cikin duhun nan ta fara maimaita Ishaya 43:2, inda Ubangiji ya ce in ka bi ta cikin ruwa yana tare da kai, in ka bi ta cikin wuta ba za ka ƙone ba. Raina ya ɓaci, na ce, Mama, ga shi kuwa muna ƙonewa. Sai ta ce, kai yaro, ya ce maka ba za ka shiga ba ne? Cewa ya yi in ka shiga.

Da gari ya waye wata Bafilatana ta same mu, ta ba mu fura da nono a ƙwarya, ko sisi ba ta karɓa ba, ta nuna mana hanyar da babu mutanen nan. Kwana shida muka yi kafin mu isa Yola. Mama ba ta sake ganin Mubi ba, a Yola muka binne ta bayan wata biyu. Da na koma, gidana ba rufi. Ba zan ce miki kome ya dawo ba, don bai dawo ba. Amma duk lokacin da na ga ƙwaryar fura, ayar nan nake tunawa.

Mama, 'yar Zumuntar Mata, Kafanchan:
'Yata, na gane nauyin da kike faɗa. Ni tawa ayar da aka gajiyar da ni da ita labarin Hannatu ne. Shekara goma sha huɗu ina ɗaki ban haihu ba. Kowane taron mata sai wata ta riƙe hannuna ta ce, Hannatu ma ta jira, Saratu ma ta jira. Wata har ta ce in binciki kaina ko akwai zunubin da ban tuba ba. Na yi azumi har aka ƙara mini ruwa a asibiti.

Ban haihu ba har yau, shekarata 61. Abin da ya tsayar da ni 2 Korintiyawa 12 ne. Sau uku Bulus ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Na ce ashe har manzo ma an taɓa ce masa a'a, kuma ba wanda ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza. 'Ya'yan ƙanin maigidana uku da suka zama marayu a hannuna suka tashi, yanzu jikoki ke ɓata mini tsakar gida. Ba na cewa su ne amsar, don kukan da na yi dabam ne. Kuma 'yata, in masu dubiya sun cika ki, ki ce musu su zo da tuwo su bar wa'azin a gida.

Manomi, wajen Numan:
Ambaliyar 2022 ta cinye mini shinkafa saura mako uku a yanka, ga bashin taki a wuyana. Na tsaya a kan kwalekwale ina kallon inda gonata take, ruwa ne kawai. Habakkuk 3:17 zuwa 18 na riƙe, ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Gaskiya kashin farko na ayar kaɗai nake iya karantawa, wajen murnar sai da na yi watanni kafin bakina ya iya faɗa. Bashin sai bara na gama biya.

Matashi, Jos:
Ni ku yi haƙuri, na daina addu'a kusan shekara guda bayan rasuwar yayata wajen haihuwa. An yi mata addu'ar dare, an ce an ga wahayi za ta tashi. Ba ta tashi ba. Wata rana cikin rashin barci na faɗa kan Zabura 88. Na karanta ina jiran inda mawaƙin zai juya ya fara yabo kamar yadda aka saba, sai na ga babu, da duhu ta ƙare. Na ce in har Allah ya yarda wannan ta zauna a cikin Littafinsa, to ni ma zan iya yi masa magana yadda nake ji. Da ita na koma addu'a. Har yanzu ban gama hucewa ba.

Baba, tsohon malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:
Ɗana na Jos, ka yi daidai, kada kowa ya kunyata ka. Ɗiyata ta Kaduna, bari tsoho ya ɗan ƙara, ko da yake kin hana wa'azi. Irmiya 29:11 da ake mannawa a bayan mota, wadda ta ce Allah yana da shirin alheri dominku, wasiƙa ce aka aika wa bayin da aka kwashe zuwa Babila. Ayar da ta zo kafinta ta ce sai shekara 70 ta cika za a komo da su gida. Yawancin waɗanda suka ji karatun wasiƙar a can aka binne su. An ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'ya. Ibrahim ma yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 ya ɗauki Ishaku.

Laifinmu ne mu masu koyarwa, mun riƙa yanke aya muna miƙa wa mutane kamar ƙwayar ciwon kai. Ni kaina na yi haka shekaru da yawa, sai da matata ta kwanta shekara uku da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya fi taimakona wani dattijon ikkilisiya ne da yake zuwa kowace Alhamis ya zauna a kan benci, ya yi mini ɓarar gyaɗa, ya tashi. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi shiru tare da shi. Da suka buɗe baki ne abin ya lalace.

Matar mai jinya:
Na gode Baba, na gode Mama. Ɗan'uwa na Mubi, na karanta wa maigidana maganar mahaifiyarka, ya yi dariya har da tari, rabonsa da dariya an daɗe. Ya ce in sa masa alama a Ishaya 43. Gobe da asuba muke komawa asibiti, kuɗin bai cika ba tukuna. Ku tuna da mu.