Zafin bazara da saukar damina a arewacin Jigawa: yaushe ya dace a yi shuka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina aikin gwamnati a Kano, amma ina da gonar gado a yankin Gumel wadda ƙanena yake kula da ita. Muna so mu tsara sayen iri da taki, shi ya sa nake neman waɗanda suka san al'amarin yanayi su bayyana mini abin da ya kamata a sa ran gani daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ta fuskar zafi da ruwan sama. Shin idan ruwan farko ya sauka a watan Mayu, ya kamata mu yi shuka nan take, ko kuwa mu dakata?

Malamin labarin ƙasa, Zariya:
Wa'alaikumus salam, Malam. A yankinku zafi yana kai ƙololuwa ne a Afrilu da farkon Mayu, lokacin da ma'auni yake kai digiri 40 na Salshiyas da rana, wani lokaci ma ya zarce. Daga tsakiyar Mayu zafin rana yakan ɗan sassauta, amma jiki ba ya shaida hakan, domin iskar da ke tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma ta fara shigowa da laima, sai gumi ya ƙi bushewa, dare kuma ya ƙi yin sanyi har mutane su fito da tabarmi tsakar gida.

Wannan iska mai laima ita ce take tura busasshiyar iskar Sahara zuwa arewa, kuma ruwa yana bin bayanta ne a hankali. Saboda haka Kaduna takan riga Kano samun damina da makonni, Kano ta riga Gumel, Gumel kuma ta riga Damagaram. Sai wajen ƙarshen Yuni ne damina take kankama sosai a ƙasashen Sahel, sannan ta kai ƙarfinta a Agusta. Ruwan da ake samu a Mayu yawanci na hadari ne mai zuwa daga gabas da guguwa da ƙura, ya zuba a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, sa'an nan ya ɗauke ƙafa na tsawon kwanaki.

Masu binciken aikin gona na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun daɗe da wani ma'auni mai amfani: ana cewa damina ta sauka idan aka sami aƙalla milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Matsalar ita ce rabi na biyu na sharaɗin ba a saninsa sai bayan ya wuce. A ganina, ruwan Mayu a Gumel na sharar gona ne da kai taki, ba na zuba iri mai tsada ba.

Dattijo manomi, Maigatari:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma ban yarda a haɗa kowane iri a hukunci ɗaya ba. A ƙasarmu ta jigawa mun gaji binne, wato a saka gero a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, kuma ba don rashin sani iyayenmu suka yi haka ba. Irin gero ba shi da tsada, ɗan kaɗan yake isar gona, kuma geron da ya tsira da ruwan farko yakan riga ciyawa tashi, ya kuma ci moriyar ƙarfin da ƙasa take da shi a farkon damina. Idan fari ya kashe shi, sai a sake shuka, asarar ba ta wuce 'yan tiyoyi da wahalar yini biyu ba. Haɗarin binne shi ne yayyafi, wanda zai sa iri ya tsiro amma danshi bai kai ƙasa ba, sai rana ta ƙone shi, ko kuma iska ta taso da rairayi ta rufe tsiron.

Saboda haka, ɗana, ka raba abin biyu. Gero ka bar ƙanenka ya gwada da wuri. Gyaɗa da wake da riɗi kuwa, da duk takin zamani, a jira sai an tona ƙasa an ga danshi ya kai tsawon tafin hannu.

Ma'aikaciyar faɗakar da manoma, Dutse:
Ina goyon bayan Baba a kan raba shukar. Abin da zan ƙara shi ne, Hukumar NiMet, wato hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, inda take nuna ranar da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da ake fargabar fari a kowace jiha, cibiyar AGRHYMET ta Yamai kuma tana fitar da na yankin Sahel gab da damina, wanda ya shafe ku tunda kuna bakin iyaka. Sai dai a karanta su a matsayin rinjayen zato, domin an gina su ne a kan abubuwa irin su ɗumin ruwan teku. Shekarar El Nino, wato shekarar da ruwan wani sashe na Tekun Pasifik ya yi ɗumi fiye da al'ada, alal misali, takan zo da ƙarancin ruwa a Sahel, amma ba kullum ba. Haka kuma idan aka ce ruwa zai fi na al'ada yawa, ba a ce zai zo da wuri ko ya rarrabu daidai ba. A 2022 ruwa ya yi yawa har ambaliya ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a Jigawa, kuma ɓarnar ta zo ne a Agusta da Satumba. Idan shuka ta makara har cikin Yuli, a nemi iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa a binne gero a rabin gonar, gyaɗa kuma ta jira ƙarshen Yuni. Hajiya, idan an sake shuka bayan fari, shin lokacin zuba taki yana bin shukar farko ne ko ta biyu?