Singularite a lissafi, a fizik da a fasaha: abu ɗaya ne ko uku?

Ɗalibar Tarminal C, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina shirin BAK, kuma maganar singularite ta tare mini hanya a wuri uku. A lissafi an ce 1/x tana da ita a x = 0. A fizik an ce tana tsakiyar baƙin rami. Masu maganar ƙirƙirarriyar basira kuma suna cewa tana tafe a 2045. Shin abu ɗaya ne? Kuma ta yaya ake gane inda abu ya lalace da gaske, da inda rubutun lissafinmu ne kawai ya gaza? Allah ya saka da alheri.

Malamin lissafi, Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam, ƴata. Tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi, ki riƙe ta.

A lissafi, singularite wuri ne da ƙa'idar da kika rubuta ta kasa ba da amsa. Amma kasawar iri-iri ce, kuma ana rarrabe ta ne da matsowa kusa da wurin a ga abin da ke faruwa.

Ɗauki sin(x)/x, x a radiyan. A x = 0 kin samu 0/0, babu amsa. To ki matso: x = 0,1 na ba da 0,9983, x = 0,01 na ba da 0,99998. Ta hagu ma haka. Lamba ɗaya ce ta ɓace, sai ki cike gurbin da 1, magana ta ƙare. Wannan mai gyaruwa ce. Ita kuwa 1/x, a 0,01 tana ba da 100, a 0,001 tana ba da 1000, ta hagu kuma tana gangarawa ƙasa ba iyaka. Babu lambar da za ki sa a nan ta ɗinke. Akwai ta uku da za ki tarar a jami'a, irin e^(1/z) a lambobin kompileks: Émile Picard ya tabbatar cewa kusa da irin wannan wuri, komai ƙanƙantar da'irar da kika zana, ƙa'idar na ɗaukar kowace lamba sau ba adadi, in ban da wataƙila guda ɗaya. A wannan misalin sifili ce ba ta ɗauka.

Inda abin ya fi cutar da mutane shi ne kusa da wurin, don a kan wurin kansa na'ura na yin kuka, ta rubuta #DIV/0! ko NaN. A kusa kuwa shiru take yi ta ba ki amsar ƙarya. Gwada (1 − cos x)/x² a kwamfuta da x = 10⁻⁸. Amsar gaskiya 0,5 ce, za ki samu 0. Dalili: kwamfuta na riƙe lambobi kamar 16 ne kawai, cos x kuma ya bambanta da 1 ne a lamba ta 17, sai ta mai da shi 1 cif, ragin ya zama sifili. Maganin shi ne ki sake rubuta ta a matsayin 2sin²(x/2)/x², ragin ya fita daga lissafin.

Haka matiris, wato jadawalin lambobin da ke gaban x da y a tsarin lissafi. Dubi x + y = 2 da x + 1,001y = 2,001. Amsa x = 1, y = 1. Canja 2,001 zuwa 2,002 kawai: x = 0, y = 2. Layukan biyu sun kusa kwantawa a kan juna, shi ya sa ƙaramin kuskuren awo ke juya amsar gaba ɗaya.

Malamar fizik, Sabon Gari:

Malam ya share hanya, Allah ya ƙara basira. Ƙanwata, tambayarki ta biyu ita ce ta ɗaure wa masana kai shekaru kusan 40.

A 1916 Karl Schwarzschild ya warware lissafin Einstein na sarari kewaye da abu mai nauyi. Amsarsa na fashewa a wuri biyu: a r = 0, da a r = 2GM/c², inda r nisa ne daga tsakiya, M nauyin abin, G adadin ƙarfin jan nauyi, c kuma gudun haske. Na biyun, ga rana kilomita 3 ne, ga duniyarmu milimita 9. An daɗe ana zaton wannan na biyun bango ne. Lemaître a 1933, Finkelstein a 1958 da Kruskal a 1960 suka nuna cewa in aka canja tsarin awon wuri da lokaci, fashewar na ɓacewa. Maraɗi tana kan digiri 13,5 arewa da kamar 7 gabas, lambobi biyu sun isa a same ta. A ƙuryar arewacin duniya kuwa dukan layukan gabas da yamma sun haɗu, ba za ki iya cewa digiri nawa gabas take ba, amma ƙanƙarar wurin lafiyarta lau. Taswira ce ta gaza.

Gwajin da ake yi ke nan: a nemo adadin da ba ya canjawa ko wane tsarin awo aka ɗauka. A nan shi ne ma'aunin lanƙwasar sarari na Kretschmann, 48G²M²/(c⁴r⁶). Sa r = 2GM/c², ki samu lamba mai iyaka. Sa r = 0, ya fashe, kuma babu canjin awo da zai gyara shi.

Iyakar r = 2GM/c² tana nan da muhimmancinta, don haske ba ya fitowa daga cikinta. Amma wanda ya faɗa babban baƙin rami ba zai ji ya tsallake komai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan an tsallaka, r = 0 ba wuri ba ne da ake iya kauce masa, lokaci ne mai zuwa. Mafi tsawon lokacin da mai faɗawa zai samu shi ne πGM/c³. Ga nauyin rana, kashi 15 cikin miliyan na daƙiƙa. Ga wanda ke tsakiyar tarin taurarinmu, mai nauyin rana miliyan 4, kamar minti ɗaya.

An yi ta cewa ai sai tauraro ya zama ƙwallo daidai wa daida wannan ke fitowa. Roger Penrose a 1965 ya nuna ba haka ba ne: muddin rushewar ta kai inda haske ma ya makale, to akwai hanyoyin da ke yankewa cikin lokaci mai iyaka. Kan haka ya samu rabin kyautar Nobel ta 2020. Ki lura, bai ce akwai ɗigo mai cunkoso marar iyaka ba, cewa ya yi nazariyyar Einstein ba ta iya ci gaba da labarin. Galibin masana na ganin kafin a kai tsawon Planck, mita 1,6 × 10⁻³⁵, dole dokokin kwantom su shigo, kuma har yau ba a kammala haɗa su da nazariyyar Einstein ba. Farkon halitta, shekara biliyan 13,8 da suka wuce, haka zancen yake.

Injiniyan kanikanci, Bagalam:

Malama, a yi mini izini in ƙara, don a fasaha akwai singularite ta gaske da ba ta da alaƙa da 2045.

Duk tela ya san ta. Keken ɗinki na ƙafa, in sandar da ke haɗa matakin ƙafa da babban wili ta miƙe sak da hannun juyi, ko nawa ka taka ba ya motsi, sai ka tura wilin da hannu. Hannun robot ma haka. Ɗauki gaɓa biyu, kowacce rabin mita, ana son bakin hannun ya miƙa gaba da santimita 10 a daƙiƙa. In gwiwar na lanƙwashe da digiri 90, juyin digiri 16 a daƙiƙa ya isa. In saura digiri 2 ta miƙe, ana buƙatar sama da 650. Detarminan ɗin lissafin, wato lambar da ake rabawa da ita wajen juya matiris, shi ne L₁L₂sinθ (L₁ da L₂ tsawon gaɓoɓin, θ lanƙwasar gwiwar), kuma yana gangarawa sifili in hannun ya kusa miƙewa. Motar lantarkin da ke juya gwiwar ba ta da wannan gudun, sai injin ya girgiza ko ya yanke wuta. Ko dai a tsara hanya nesa da miƙewa, ko a ƙara ƙaramin adadi λ² kafin a juya matiris ɗin, a yarda da ɗan kuskuren wuri.

Masu lissafin ƙarfin ƙarfe a kwamfuta su ma su kula. A kusurwar ciki mai kaifi, duk sanda aka ƙara ƙananta ragar lissafi, matsin da ake gani sai ya ƙaru, ba ya tsayawa. Kada a kai wannan lambar rahoto. A zana kusurwar da ɗan zagayen da ƙarfen gaske yake da shi, a sake lissafi.

Malamin lissafi, Ali Ɗan Sofo:

Madalla, Injiniya. Saura ta 2045. Masanin lissafi Stanislaw Ulam ya ambaci zancen a 1958 yana tuna hirarsa da takwaransa John von Neumann. I. J. Good a 1965 ya ce na'urar da ta fi mutum basira za ta ƙera wadda ta fi ta, ita ma haka. Vernor Vinge ya yaɗa sunan a 1993, Ray Kurzweil ya sa shekarar a littafinsa na 2005.

Ni a ganina hasashe ne da ya ari rigar lissafi. Abin da ke ninkawa duk shekara biyu ba ya taɓa kaiwa rashin iyaka: bayan shekara 40 ya ninka sau miliyan ɗaya, amma lamba ce. Kafin a samu fashewa sai saurin girma ya wuce haka, kamar dy/dt = y², wadda amsarta 1/(1 − t) ke fashewa a t = 1. A 1960 von Foerster da abokan aikinsa sun ɗora irin wannan lanƙwasa a kan yawan mutanen duniya, ta ba su ranar Juma'a 13 ga Nuwamba 2026 a matsayin ranar da yawan zai kai rashin iyaka. Amma ƙaruwar jama'a a shekara ta kai kamar kashi 2 cikin 100 a shekarun 1960, sannan ta sauko ƙasa da kashi 1.

Injiniyan kanikanci, Bagalam:

Ranka ya daɗe, na yarda da lissafin, amma kada ɗalibarmu ta ɗauka hujjar Good ta faɗi da shi. Shi ba ya buƙatar rashin iyaka, ya ishe shi na'ura ta riƙa gyara kanta fiye da saurin da mutane ke iya bibiya. Abin aunawa shi ne ko kowane zagayen gyara na rage lokacin na gaba, da kuma abin da ke taka masa birki. Gudun agogon kwamfuta ya yi shekaru yana ninkawa, ya zo ya cije tsakanin gigahaz 3 da 4 wajen 2005 saboda zafi, dole aka koma sa ƙwaƙwalwa da yawa a guntu ɗaya. Yau birkin ya haɗa da wutar lantarki, sanyaya injuna, da shekarun da gina masana'antar guntu ke ci.

Ɗalibar Tarminal C, unguwar Zariya:

Na gode malamaina. Malam, ke nan in na ga detarminan ƙarami sosai, matiris ta kusa lalacewa?

Malamin lissafi, Ali Ɗan Sofo:

A'a, ƴata. Matiris mai layi 10, da 0,1 a kan layin da ke ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa da sifili a sauran wurare, detarminan ɗinta 10⁻¹⁰ ne, amma juya ta ninkawa da 10 ne kawai. Abin dubawa shi ne lambar kondisiyo, mai nuna sau nawa kuskuren awo ke iya ninkuwa a amsa, cond(A) a manhajar lissafi ta Octave. Ta wannan matiris ɗin 1 ce. Ta misalin 1,001 ɗin nan kusan 4000 ce, wato cikin lambobi 16 da kwamfuta ke riƙewa kina iya rasa uku zuwa huɗu.