"Daidai ruwa daidai tsaki": adalci ne ko wayo?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Jiya muna rabon hatsin gonar gado, Yaya ya ɗebi buhu biyar ya turo min biyu, wai daidai ruwa daidai tsaki, tunda shi ya sa taki. Haka ake amfani da maganar nan?

Malam Na Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. A sanina magana ce ta yin abu gwargwadon ƙarfinka. Ba ruwanta da rabo.

Ɗan Lisbon: Allah gafarta Malam, tana iya shiga fa. Mu nan Fotugal kalma ɗaya ce, justo. Alƙali adali justo ne, farashin da ba cuta justo ne, rigar da ta kama jiki cif ita ma justa suke ce mata. Daga Latin ta zo, justus, tushenta jus, wato doka ko haƙƙi. Can suka samo justiça ta kotu, da justeza, awo ko magana ba ragi ba ƙari.

Malam Na Bakin Kasuwa: To ka ga tasu daga doka ta faro, awo ya biyo baya. Tamu daga tukunya ta fito.

Hajiya Mai Koko: Kun tuna min da Iya, kakata, Allah ya jiƙanta. Wata shekara da damina ta ci bashin gero wurin maƙwabciya, aka auna mata da mudun da aka bubbuga wa gindi ya lotsa. Iya ta gani, ba ta ce uffan ba. Da aka yi girbi, matar ta zo karɓa da wani mudu, sabo fil, mai faɗin baki. Iya ta ce je ki ɗauko na ranar nan. Rigima har gaban mai unguwa. Shi kuwa ya cika sabon da ruwa ya juye a tsohon, ruwa ya malale har kan tabarmarsa. Ya karanto mata "Wailun lil muɗaffifina", ta tafi ko takalmi ba ta ɗauka ba.

Sarkin Zolaya: Hajiya, jikokin matar nan ne ke mulkinmu. Su auno mana taliya da sabulu, su karɓi shekara huɗu.

Maman Ilham: Har da tazarce! Ɗan Lisbon, da irin tumbinsu ai ko babbar riga justa ce.

Baban Ummi: Jama'a, ni fa buhuna nake tambaya.

Hajiya Mai Koko: Ɗan nan, takin nawa ya saya? Kuma wa ya yi noman?