Me za mu kira "enzyme" da Hausa? A gwada kowace shawara da aikin Rodney Porter

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta tarihin Rodney Porter ne da Hausa, masanin bayokemistirin nan na Ingila da ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1972 tare da Gerald Edelman na Amurka, to kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, enzyme. Duk inda na duba sai in ga an rubuta "sinadarin narkar da abinci", kuma wallahi idan na saka wannan a labarin mutumin nan abin dariya zai koma. Ku duba fa, babban aikinsa na 1959 shi ne ya ɗauki furotin ɗin garkuwar jiki daga jinin zomo, wanda turawa ke ce wa antibody, ya zuba masa papain wato enzyme ɗin da ake samu a ƙaron ɗanyar gwanda, papain ɗin ya datsa shi gida uku. Yanzu in ce ya zuba sinadarin narkar da abinci? Abincin wa? Don Allah masu ilimi a taimaka.

Ɗalibar likitanci:
Wa alaikumus salam. Ni dai a aji inzayim kawai muke cewa kuma kowa na ganewa, me zai hana a rubuta shi haka a huta, kamar yadda aka yi wa furotin da bakteriya? Larabawa ma inzim suke cewa ba su wahalar da kansu ba.

Tsohon malamin kimiyya:
'Yata maganarki na kan hanya amma ki tuna ke kin riga kin san abin, shi kuma yaron da ya fara jin inzayim yau kalmar ba ta gaya masa komai. Su kansu turawan ba daga sama ta faɗo musu ba, wani Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1870 daga Girkanci, ma'anarta "a cikin yis", don a lokacin hankalinsu na kan yadda yis ke sa abu ya yi tsami ya kumbura. Sai a 1897 Eduard Buchner ya nuna ko an niƙe yis ɗin babu ƙwaya ɗaya mai rai ruwansa zai ci gaba da juya sukari, sannan a 1926 James Sumner ya ware wani enzyme mai suna urease ya nuna furotin ne. Kun ga sunan ya riga fahimtar zuwa, shi ya sa ya maƙale a yis. Mu da muka zo daga baya mun san aikin abin, bai kamata mu sake ɗaure shi da abu ɗaya ba, ko yis ko tumbi. Masu Suwahili kimeng'enya suke cewa, daga kalmarsu ta narkarwa, su ma tarkon tumbin ne ya kama su.

Mai son Hausa zalla:
To ai ga "madatsi" ko "mayanki", tunda ka ce datsawa ya yi.

Mai tambaya:
Na yi tunanin hakan ɗan'uwa, papain da pepsin da trypsin duk yanka suke yi, amma akwai masu gini fa, wanda ke kwafar DNA ɗinka duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu shi ma enzyme ne kuma jerawa yake yi ba yanka ba. Sannan madatsi da mayanki duk suna da masu su a Hausa, mutum zai ji madatsar ruwa ko mahauta.

Mai aiki a ɗakin gwaji:
Bari in ɗan buɗe aikin Porter ɗin don mu ga abin da kalmar za ta ɗauka, don ni a ganina duk kalmar da ta iya tsallake rayuwar mutumin nan daga farko har ƙarshe to ta ci jarrabawa.

An haife shi a 1917, ya yi digirin farko a Libaful a 1939, yaƙin duniya na biyu ya ɗauke shi soja, da ya dawo ya yi digirin digirgir a Kambirij a hannun Frederick Sanger, wanda ya gano jerin tubalan insulin. To a wancan zamanin an san antibody na kama baƙon abu a jini tun aikin Behring da Kitasato na 1890, amma ba wanda ya san siffarsa, ga shi ƙato, ya ninka insulin fiye da sau 20 a nauyi, kayan aikin lokacin ba za su iya karanta shi ɗungurungum ba. Dabarar Porter ita ce a gutsura shi ba tare da an kashe aikinsa ba. Asid mai ƙarfi zai ragargaza komai ne, shi kuwa papain in an kula da lokaci wuri ɗaya yake nufa, wajen gaɓar da ke tsakiya. Da ya raba gutsattsarin uku sai ya ga biyu iri ɗaya ne kuma har yanzu suna kama abin da aka yi su don shi, sai dai ba sa iya dunƙule shi ya kwanta kamar yadda cikakken ke yi, tunda kowanne hannu ɗaya gare shi. Na ukun ba ya kama komai amma yana daskarewa ya zama ƙanƙara-ƙanƙara, wanda ke nuna wannan ɓangaren kusan iri ɗaya ne a duk antibody ɗin, bambancin yana can a hannuwan. Su ne Fab, wato hannuwan biyu, da Fc, wato na ukun da ake kira wutsiya, da ɗalibai ke haddacewa yau. Edelman shi kuma ta wata hanya ya bi, ya tsinke maɗauran salfa da ke riƙe sassan antibody ɗin ya ga sarƙoƙi ne masu nauyi da marasa nauyi, a 1962 Porter ya haɗa biyun ya fitar da tsarin sarƙa 4, biyu manya biyu ƙanana, siffar Y ɗin nan.

Abin da nake so ku lura da shi, ɗan papain kaɗan ne ya isa tarin antibody, ya datsa wannan ya sake shi ya koma kan na gaba, shi bai ragu ba bai canja ba. Nan ne ainihin ma'anar take.

Mai son Hausa zalla:
Kenan dillali ne!

Tsohon malamin kimiyya:
Ka kusa, don kuwa yana haɗa biyu ciniki ya faɗa da wuri shi kuma ya wuce na gaba, kuma cinikin da ba zai yiwu ba ko ya kwana yana magana ba zai yiwu ba, haka shi ma enzyme ba ya ƙirƙiro abin da ba zai faru ba sai dai ya rage wahalar farawa. Inda kuka rabu, dillali na cin la'ada shi wannan ko sisi. A bar shi a matsayin misali a aji, amma a littafi ka rubuta "dillalin hanta ya yi yawa a jini" likita ma sai ya yi dariya.

Ɗalibar likitanci:
Malam to ma'ingizi fa, daga ingizawa?

Mai tambaya:
Haba ƙanwata, kowa ingiza mai kantu ruwa zai tuna, sai ka ce munafuki ne a cikin jiki.

Tsohon malamin kimiyya:
Ga tawa: mahanzarci, daga hanzarta. Ginin sunan kayan aiki ne irin na mabuɗi da ma'auni, don haka jam'insa mahanzartai kamar mabuɗai da ma'aunai, ba mahanzarta ba wanda zai zama mutane. Bai ce yanka ba, bai ce gini ba, bai ce abinci ba, saurin kawai ya faɗa, kuma saurin ba na wasa ba ne, akwai wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini da ke juya iskar kabon da muke fitarwa, ƙwaya ɗaya tasa na iya yin aikin kusan sau miliyan a daƙiƙa guda.

Mai aiki a ɗakin gwaji:
Malam na yarda da ginin amma akwai gyara, mahanzarci ya fi dacewa da catalyst gaba ɗaya, wato duk abin da ke hanzarta aikin sinadarai, don ƙarfen filatinam da ke cikin salansar mota ma hanzarta aikin sinadarai yake yi kuma ba enzyme ba ne. Sai an ƙara wani abu. Kuma kar a ce "furotin mahanzarci" a rufe ƙofa, don Thomas Cech da Sidney Altman sun ci Nobel a 1989 ne a kan nuna cewa RNA, ɗan'uwan DNA wanda ba furotin ba ne, ma na wannan aikin. Ni zan ce mahanzarcin halitta, wato wanda abu mai rai ke ƙerawa.

Mu gwada shi da rabin rayuwar Porter na biyu wanda mutane ba su cika sani ba. Daga 1960 yana farfesa a makarantar likitanci ta St Mary's a Landan, 1967 ya koma Oksfod, a can ya juya kan complement, tarin furotin sama da 30 da ke yawo a jini suna jira. Da antibody ya kama bakteriya sai wani furotin C1q ya zo ya riƙe wutsiyar nan Fc, wannan riƙon ya tada C1r, shi ya datsa C1s, C1s ya datsa C4 da C2, gutsattsarinsu su haɗu su zama wani sabon mai datsawa da ke farfasa C3 da yawa, a haka a haka har a huda fatar bakteriyar. Yanzu karanta: "kowane mahanzarci yana tada na gaba da shi". Ya zauna daram. Sa "sinadarin narkar da abinci" a wurin ka ji. Kuma abin burgewa wutsiyar da ya ware a 1959 wadda ba ta kama komai, ita ce ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin abin da take kunnawa, har ya rasu a hatsarin mota a 1985.

Ɗalibar likitanci:
Gaskiya ya shige ni. Amma yaya mai ɗakin gwaji ka lura duk tsawon bayaninka antibody kake ta cewa da turanci? A labarai kullum "ƙwayoyin garkuwar jiki" ko "sojojin jiki" nake ji, alhali waɗannan fararen ƙwayoyin jini ne, shi antibody ba ƙwaya mai rai ba ce, abin da wasu daga cikin ƙwayoyin ke ƙerawa ne su saki.

Tsohon malamin kimiyya:
Wannan ma Hausa ta riga ta tanada, makami. Daga kama ya fito, abin kamawa, kuma aikin antibody kenan, kamawa. Makamin garkuwa, jam'i makaman garkuwa. Sojan ya zauna a matsayin ƙwayar, makamin ya zama abin da ta ƙera.

Mai son Hausa zalla:
Malam garkuwa ai ita ma makami ce, "makamin garkuwa" bai yi maimaici ba?

Tsohon malamin kimiyya:
Garkuwar jiki ta riga ta zama sunan tsarin duka a bakin mutane, ba wanda ke hango fatar da ake tare mashi in an faɗe ta a asibiti. Ni bai dame ni ba.

Mai tambaya:
To bari in gwada da sakin layin tasirin aikinsa ku ji ko ya yi daɗin karatu: "Har yau ana amfani da dabarar datsa makamin garkuwa da mahanzarcin halitta wajen haɗa magani. Yawancin magungunan dafin maciji ana samo su ne daga jinin doki ko tunkiya, a wasu a sa pepsin ko papain a cire wutsiyar Fc don rage yadda jikin mutum zai yi faɗa da baƙon furotin, a bar hannuwan da ke kama dafin. Haka ake yin maganin da ke kwashe digoxin, wani maganin zuciya, in ya yi yawa a jini. A 1971 kuma Eva Engvall da Peter Perlmann a Suwidin suka liƙa mahanzarci a jikin makamin garkuwa ta yadda in ya kama abin da ake nema launi zai canja, gwajin ELISA kenan." Ni dai ya yi min. Abin da zan yi, farkon ambato in rubuta "inzayim, wato mahanzarcin halitta" saboda ɗaliban da za su haɗu da kalmar a jarrabawa, daga nan mahanzarci kawai. Sunayensu ɗaiɗai irin papain da pepsin ba zan taɓa ba.

Mai aiki a ɗakin gwaji:
Na sa hannu. Sai dai ka shirya, kana isa inda za ka bayyana dalilin da papain ya nufi gaɓar tsakiya kalmar substrate za ta taso, abin da mahanzarcin ke aiki a kansa, kuma tun yanzu ina roƙo kar wani ya ce min "abincinsa".