"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": shin jiki ya yarda da wannan magana?

Ɗalibar Likitanci: Salamu alaikum jama'a. Kowa ya san inda wannan karin magana ta dosa: naka naka ne, komai lalacewarsa ba ka jefar da shi. To amma jikin ɗan Adam kamar bai ji wannan zance ba. Akwai wani furotin da ake kira p53. In DNA ɗin wata ƙwayar jiki, wato rubutaccen umarnin gado da ke cikinta, ya lalace, p53 ke umartar ƙwayar ta kashe kanta. Kuma kusan rabin cututtukan kansa, in an bincika, za a tarar p53 ɗin ne ya samu matsala. Ke nan mai lafiya shi ne mai yankewa ya yar?

Dattijo: Wa alaikumus salam. 'Yata, kin kai magana inda ba a aike ta ba. Ta zumunci ce. Uban da ɗansa ya kangare ake faɗa wa, don kada ya kore shi. Likita in ƙafa ta ruɓe yankewa yake yi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya saɓa wa magabata.

Malamin Bayoloji: Haka ne Baba, amma ni a ganina maganar ta hau p53 fiye da yadda ƙanwata ta zata, domin ba da kisa yake farawa ba. A ƙwaya mai lafiya ma da ƙyar ake ganinsa, saboda wani furotin, MDM2, yana ta rusa shi da zarar an ƙera. Sai DNA ya ji rauni, daga hasken rana ko hayaƙin taba ko kuskuren kwafi, sannan MDM2 ya sake shi ya taru. Abu na farko da yake yi shi ne ya tayar da p21, wanda ke tsayar da ƙwayar kada ta rabu biyu, a samu damar gyara. In gyara ya yiwu, shi ke nan, ta ci gaba da harkarta. In ɓarnar ta wuce gyara ne yake tayar da wasu furotin, su PUMA da BAX. Sai a huda maitokondiriya, wato ɗakin wutar ƙwayar, wani sinadari ya tsiyayo ya farkar da furotin masu yanka, su daddatsa ta daga ciki, a haɗiye gutsattsarin ba kumburi ba ciwo. Hannun nan an yi jinyarsa kafin a kai ga wuƙa.

Ɗalibar Likitanci: Malam, an dai kai ga wuƙar. Dubi wani furotin, BCL-2. A 1984 aka gano shi a wata kansar ƙwayoyin garkuwar jiki. A 1988 David Vaux da Suzanne Cory da Jerry Adams a Ostireliya suka nuna ba sa ƙwaya saurin hayayyafa yake yi ba, hana ta mutuwa kawai yake yi. Wadda ya kamata ta tafi sai ta zauna, wata ta zauna, har su zama cuta. Wannan ai bin karin maganar ne sau da ƙafa. Maganin venetoclax da Amurka ta amince da shi a 2016 don wani nau'in sankarar jini, duk aikinsa ya danne BCL-2 ƙwayar ta samu ta mutu.

Mai Son Zance: Ni kam da ni ne da wata zan ɗauko: "da ɗan gari akan ci gari". Ƙwayar cutar HPV da ke jawo sankarar bakin mahaifa tana da furotin E6. Ba da kansa yake rusa p53 ba, wani furotin na ƙwayar jikin yake kamawa ya sa shi aikin. Haka wasu ƙari na tsokar kitse, p53 ɗinsu lafiya lau, MDM2 ne ya yi yawa ya hana shi motsi.

Dattijo: A'a ɗana. Waccan ta maci amana ce, wanda ya san abin da yake yi. Bisa bayanin Malam, shi wannan MDM2 aikinsa na yau da kullum yake yi.

Malamin Bayoloji: Baba ya kama wurin. A 1995 an cire wa ɓeraye MDM2, suka mutu tun suna ciki, don p53 ya rasa mai taka masa birki. Da aka cire MDM2 da p53 duka biyun sai aka haife su da rai. A 2002 kuma wasu ɓerayen da p53 ɗinsu ya cika zafi sun tsira daga ƙari sosai, amma tsufa ya zo musu da wuri. Yawan yankewar ma ɓarna ce.

Ɗalibar Likitanci: To giwa fa? Mu kwafi ɗaya na umarnin ƙera p53 muke gada daga uwa, ɗaya daga uba. Ita kuwa kwafi kusan 20 take gada daga kowannensu, ƙwayoyinta sun fi namu saurin kashe kansu in sun ji rauni, kansa ba ta cika kama ta ba duk girmanta, ga ta da tsawon rai.

Dattijo: Bari in tambaye ku abu ɗaya. Ƙwayar da aka kashe, ana samun madadinta?

Malamin Bayoloji: Yawanci ana samu, Baba. Ta fata da ta hanji da ta jini kullum sabunta su ake yi.

Dattijo: To nan kuka rabu da karin maganar. Hannu aka ce, ba farce ba. Abin da in ka yar ba ka da wani.

Malamin Bayoloji: In haka ne jiki yana bayanka, Baba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya, waɗanda da wuya a maye gurbinsu, da sun girma suke rage kayan kashe kai, har raunin da zai kashe ƙwayar hanji su ba ya kashe su.

Ɗalibar Likitanci: Na karɓi wannan, amma da sharaɗi. Su waɗannan sun daina rabuwa, don haka kuskurensu ba ya yaɗuwa. Wadda take hayayyafa kuwa, in aka bar ta da lalataccen DNA, duk 'ya'yanta da shi za su fito.