Wane suna ya dace da gwanin hawa itace yana rage masa rassa?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Taimakonku nake nema a kan kalma ɗaya. Akwai sana'ar da a Ingila suke ce wa mai yin ta tree surgeon, Faransawa kuma su ce élagueur, ko arboriste-grimpeur in da igiya yake hawa. Aikinsa ke nan kullum: ya hau itace, ya rage rassan da suka yi nauyi, ya cire busasshe da ruɓaɓɓe, ya sauko da su a hankali ba tare da ya fasa rufin kowa ba, kuma ya bar itacen da ransa. A nan Damagaram in ka tambaya sai a ce maka mai saran icce. To ai mai saran icce shi ne kuma wanda ke kayar da shi ya faskara ya kai kasuwa. Suna ɗaya bai kamata ya haɗa mai kashewa da mai rayarwa ba.

Abin ya dame ni ne saboda kowace shekara, da an ce damina ta kusa, tsoron iskar farko kan sa mutane su kira duk yaron da ke da gatari. Ku zaga Zango ko Sabon Gari a watan Mayu, za ku ga dogon yaro an guntule masa kai gaba ɗaya, sai kututture a tsaye, ɓawo a ɗaye har ƙasa. Bayan ƴan watanni ya tofo da tsirrai barkatai, kuma su ne masu saurin ɓallewa, don a bakin ɓawo kawai suka kama, ba su da tushe a cikin itacen. An biya kuɗi an rasa inuwa, hatsarin kuma ya ƙaru. In sana'ar ba ta da suna, wa zai san akwai gwaninta da za a nema?

Wani malamin makaranta daga Mirriah:
Wa alaikumus salam. Ni dai likitan itace na ga ya fi sauƙi. Yaro ma ya ji ya gane, kuma ƴan'uwanmu na Kano sai su ce likitan bishiya, an wuce wurin.

Wani dattijo manomi daga Matameye:
Ɗana, wannan aikin ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa sassabe. Tun da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoman Maradi a 1983 cewa kututturen da ke tofowa a gona ba abin ƙonewa ba ne, muke cewa sassabin zamani. Ka zaɓi tsiro masu ƙarfi ka bar su, ka cire sauran, ka share ƙananan rassa har wajen rabin tsawonsa. Kuma daga ƙasa zuwa sama ake sara, da adda mai kaifi, don kada ɓawo ya tsage. Da haka gawo ya cika gonakin Magaria da Matameye da Mirriah. An ƙiyasta cewa da wannan sassaben an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Ka ce mai sassabe kawai.

Mai tambaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji daɗin wannan, musamman maganar sara daga ƙasa. Ita ce ainihin dabarar da su ma can Turai suke bi a kan babban reshe, sai dai su sau uku suke yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin itacen, a shiga wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa a tsaya. Na biyu daga sama, a ɗan gaba da na farkon, har reshen ya faɗi. Da ya zo tsagewa sai ya ci karo da yankan ƙasa ya tsaya nan. Na uku shi ne na cire dungun da ya rage, kuma a nan gwaninta take. In kun duba gindin kowane reshe za ku ga wani ɗan kumburi ya zagaye shi kamar wuya. Ba a taɓa wannan wuyan, a gabansa kaɗan ake yankewa. Wani masanin gandun daji na Amurka, Alex Shigo, ya tsaga dubban itatuwa da zarton inji yana duba cikinsu, ya nuna a shekarun 1970 cewa itace ba ya maye naman da ya lalace, killace ciwon yake yi ya hana ruɓa bazuwa, sannan sabon nama ya rufe ta sama. Wuyan reshen nan shi ke wannan aikin. Wanda ya share shi daidai da jikin itace don wurin ya yi sumul, ya buɗe wa ruɓa da gara ƙofa. Shafa fenti ko baƙin mai a kan yankan ma ba ya hana komai.

Amma Baba, sassabe na gona ne, kuma mai yin sa ƙafarsa na ƙasa. In na ce wa mutumin Birni ya nemo mai sassabe don tsamiyar da ta rufa kan soronsa, gona zai tuna.

Malam, likitan itace kuma ina so mu ajiye shi ga wani daban: wanda zai zo ya dubi itacen ya ce gara ce ta ci cikinsa, ko kauci ne ya shanye shi, ko jijiyarsa aka datse wajen gina rami, ya ce a yi kaza. Ba lalle ya iya hawa ba.

Wata uwa daga unguwar Birni:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma da kuke ta bayani wanzami na gani. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke cire beli, duk shi ɗaya. Ya san inda zai yanka da inda in ya taɓa an shiga uku. Ku ce wanzamin itace mana.

Mai tambaya:
Inna, wallahi kin kawo ta. Wanzami ya haɗa abubuwa biyun da nake ta nema in haɗa, gyaran fuska da yanka don lafiya. Kalmar Faransanci rage rassa kawai ta ɗauko, ta Ingilishi kuma fiɗa kawai, tamu ta kwashe duka. Kuma wanzanci sana'a ce da ake koyo a hannun ubangida shekara da shekaru, tana da zabirarta, tana da Sarkin Askarta. Ba wanda ke miƙa kan jaririnsa ga wanda ya tsinci aska a hanya. Guntule kan itacen da na yi kuka da shi ma ya samu suna, askin ƙwal-kwabo, wanda gwanaye ke hanawa. Ƙa'idarsu ita ce kada a raba itace da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyensa a lokaci guda, don ganyen ne ke ciyar da shi.

Wani matashi da ke wannan aiki a Faransa:
Yaya, na yarda da sunan ɗari bisa ɗari, amma kada a manta da zabirar. Mu a nan ba a barin mutum ya bar ƙasa sai da ɗamarar hawa wadda ke riƙe ƙugu da cinyoyi, da hular kwano mai abin toshe kunne da ragar kare ido. Kafin ka ta da inji a sama dole ka ɗaure a wuri biyu, igiyar hawa a babban reshe ta sama, da wata gajera da ta zagaye jikin itacen, don in zarto ya ci ɗaya ɗayar ta riƙe ka. Injin, ko ƙirar Stihl ne ko Husqvarna, fetur ake gauraya masa da man inji, fetur lita 5, man inji mililita 100. Sarƙarsa na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. In hancin zarton ta sama ya taɓa wani abu, sai ya yi shuri ya dawo wajen fuskarka kafin ka ƙifta ido, shi ya sa akwai birkin sarƙa a gaban hannu. Wandon aikin kuma cike yake da dogayen zaruruwa, in sarƙa ta kama shi sai su fito su cushe injin ya tsaya. Na san a zafin Afrilu na Damagaram, sama da digiri 40, sa wannan wando azaba ne. A fara aiki da asuba a tashi kafin rana ta take, amma kada a hau da silifa da gajeren wando. Kusa da wayar lantarki kuwa ba a aiki sai masu wutar sun yanke ta.

Wani tsohon ma'aikacin gandun daji:
Ku ƙara da wannan. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana nan. Kafin a sa ƙarfe a jikin irinsu a je ofishin gandun daji a nemi izini. Abin ma ya girmi zuwan Turawa, don tarihin Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimu a ƙarni na 19 ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Abu ɗaya nake jin tsoro, kada wanzamai su ga kamar an raina sana'arsu.

Mai tambaya:
Ranka ya daɗe, ban ga raini ba. Don mun ga ƙwarewa da amana a sana'arsu ne muka ari sunan. To mun tsaya a nan: mutum ɗaya wanzamin itace, da yawa wanzaman itace, sana'ar wanzancin itace, aikin kuma askin itace. Masu cewa icce ko bishiya kowa ya sa tasa. Sassabe ya zauna a gona, likitan itace ya zama mai duba cuta. Shuri da ɗamarar hawa da wuyan reshe su ma na karɓe su yadda suka fito.

Saura mutum ɗaya da ba mu raɗa wa suna ba, kuma in ba shi na sama ba ya aiki: wanda ke ƙasa yana sassauta igiya har reshe ya sauka, yana korar yara da masu babur daga ƙarƙashin itacen, kuma shi zai hau ya sauko da abokinsa in ya ji ciwo. Yaron wanzami ya yi masa kaɗan. Ni mai riƙon igiya nake gani, sai in akwai wanda ya san yadda masu haƙar rijiya ke kiran nasu.