Ƙanena ya ce arzikinsa a rubuce yake, ya daina zuwa wurin koyon aiki

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Don Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda muke sujada tare a nan.

Ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo cikin Kumasi, a Ghana. Da mahaifinmu ya rasu a Bawku sai na ɗauko ƙanena, na kai shi Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ya koyi gyaran mota. Ni na biya kuɗin shiga, na saya masa sifanu da akwati. Mastansa ya sha gaya mini yaron yana da hannu, da jin ƙarar inji yake gane ciwonsa. Saura 'yan watanni a yaye shi.

Bara wani abokinsa ya ja shi addu'ar dare wurin wani mai kiran kansa annabi. Aka ce masa tauraronsa mai haske ne, wai Allah bai rubuta masa kwanciya ƙarƙashin mota cikin baƙin mai ba. Tun daga nan yaro ya sauya. Kwana yake kan waya yana cacar ƙwallo, ya tashi rana tsaka, shago kuwa sai ranar da ya ga dama. Kuɗin trotro, wato motar haya, da na abinci da nake tura masa ta momo, asusun kuɗi na waya, can suke tafiya, har bashin waya ya ci. Yanzu kuma maganar galamsey yake yi, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wai wajen Manso. In na buɗe baki sai ya ce, "Yaya, abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa. In ya ce zan yi arziki, ko ina kwance zai same ni." Har Yusufu ya kawo mini, wai a rana ɗaya ya fito daga kurkuku ya zama babba a Masar.

Karatuna na Littafi Mai Tsarki bai kai in ba shi amsa ba. Shin haka abin yake, komai mutum ya yi ko bai yi ba duk ɗaya ne? Kuma in ci gaba da tura kuɗin ko in tsaya?

Dattijon ikkilisiya, Asawase:
'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya saka miki. Tunda shi ya kawo Yusufu, ku zauna ku karanta tare daga Farawa sura 37 zuwa 41. Yana da shekara 17 lokacin da ya yi mafarkin, yana da 30 ranar da ya tsaya gaban Fir'auna. Ki tambaye shi, shekara 13 ɗin nan a kwance ya yi su? A gidan Fotifar ya riƙe amana har maigidan bai ƙara duba komai ba sai abincin da zai ci. Matar gidan kuwa ba sau ɗaya ta neme shi ba, nassi ya ce kowace rana take yi masa magana, shi kuma kowace rana yana ƙi. Wurin da na fi so shi ne sura 40. Da safe ya shiga ya ga fuskar mai shayarwar sarki da ta mai toye-toye a ɓace, ya tsaya ya tambaye su abin da ya same su. Fursuna ne shi ma, yana da nasa baƙin cikin, da ya wuce abinsa ba wanda zai ga laifinsa. Wannan tambayar ce ta kai shi fada, bayan ma an manta da shi shekara biyu. Mafarkin na Allah ne, ban musa ba. Amma Allah ya bi ta halin yaron na kullum ya cika shi. Akwai kuma Isuwa, ɗan fari ne da haihuwa, yunwar yini ɗaya da kwanon fate suka raba shi da gādonsa.

Masta daga Magazin:
Yaya, ni a nan Suame nake, yara da yawa sun bi ta hannuna. Bari in gaya miki yadda kwastoma ke zaɓen makaniki. Direba ya kawo mota yana zaune kan benci, idonsa na kan yaron da ya kwance noti ya zuba cikin gwangwani, da wanda ya watsar cikin ƙasa. Yana lura da wanda aka aika sayen filta ya dawo da canji daidai, da wanda ya yi chobo, wato ya danne canjin. Ba zai ce komai ba. Ranar da aka yaye yaro ya kafa tasa rumfa, ranar ce za a ga motocin da suka bi shi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.
Maganar caca kuma, da gwamnati ta cire harajin kashi 10 na kuɗin da aka ci a 2025 yarana har murna suka yi. Na ce musu harajin nan wanda ya ci ne kawai yake biya, ku yaushe rabonku da ci? Ki hanzarta zuwa wurin mastansa kafin ya ba wani gurbin. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da babba.

Wata 'yar'uwa, Nima, Accra:
Baba na Asawase, na yarda da kai, amma a yi hattara kada a mai da komai alhakin mutum. Ƙawata mai tsoron Allah ce, asuba take fita, ba ta cutar kowa, gobarar kasuwar Kantamanto ta Janairun 2025 ta cinye dilolin gwanjonta ƙurmus. Wane zaɓi ta yi? A Yahaya sura 9 almajirai sun tambaya ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Kuma Yaya, kafin wa'azi ki tambayi yaron me ya karya masa zuciya. Watakila yana ganin waɗanda suka shekara ashirin a sana'ar har yanzu ɗaki ɗaya suke haya. Wanda ya fid da rai shi ne annabin ƙarya ya fi saurin kamawa.

Dattijon ikkilisiya, Asawase:
Gaskiyarki 'yata. Gobara ba a hannunmu take ba. Tashi da safe kuwa a hannun yaron yake, a kan wannan nake magana.

Wani matashi, Sawaba:
Ni dai ina ganin kada a yi saurin zagin bawan Allah. In annabcin gaskiya ne fa? Mutane nawa aka yi wa magana kuma ta cika?

Malamar makarantar Lahadi, Tafo:
Ƙanena, ba wanda ya zagi kowa. 1 Yahaya 4:1 ne ya ce a gwada ruhohi. Annabcin da ya raba yaro da aikinsa ya haɗa shi da caca da bashi, ai an riga an ga 'ya'yansa. Ubangijinmu kansa mutanen garinsu da massassaƙi suka san shi, Bulus kuma ɗinkin tanti yake yi a Koranti. Baƙin mai bai ƙasƙantar da kowa ba. Ramin galamsey kuwa ba ya tambayar tauraron mutum kafin ya rufta, kuma duk wanda ya ga yadda haƙar ta ɓata launin kogin Offin ya san abin da ake shukawa can.
Yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tura momo ɗin nan da kike yi duk safiya shi ma zaɓi ne, kuma yana gina wani abu a cikin yaron. Ban ce ki bar shi da yunwa ba. Abinci kike sayarwa, ya zo ya ci a rumfarki. In yana son kuɗin trotro ya taya ki sauke tukunya da asuba, ki ba shi a hannu, daga nan ya wuce Suame. Bashin wayar kuma kada ki biya, shi ya ci. A Tasalonika ma akwai masu zaman jiran ranar Ubangiji sun ajiye aiki, Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Zai yi fushi, zai ce kin canza. Ki daure, ki ci gaba da yi masa addu'a da sunansa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na zaunar da shi na tambaye shi kamar yadda 'yar'uwa ta Nima ta ce. Ashe tsoron bayan yaye ne ke cinsa, wai ba shi da kuɗin fili ko jak, me zai fara da shi. Na ce adashen susu ɗina zai fito a ƙarshen shekara, in ya gama lafiya za mu duba. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Na kira mastan, ya ce ba zai saurare mu ba sai da babba. Baba na Asawase, ko za ka raka mu ranar Litinin?

Dattijon ikkilisiya, Asawase:
Zan je. Ku same ni a tashar Kejetia wurin motocin Suame ƙarfe bakwai. Ya sa kayan aikinsa tun daga gida, kuma shi zai yi wa mastan magana da bakinsa, ba ke ba.